Wuthering Heights: Yadda Littafin da Aka Kushe a 1847 Ya Koma "Labarin Soyayya"

Tun watan Satumba na 2024, da aka bayyana cewa Margot Robbie da Jacob Elordi ne za su fito a sabon fim ɗin Wuthering Heights, ce-ce-ku-ce bai lafa ba a tsakanin masu karatu. Emerald Fennell ce ta ba da umarnin fim ɗin, an kuma ajiye fitowarsa a tsakiyar Fabrairun 2026 don ta zo daidai da ranar masoya. Da sunan soyayya aka yi ta tallarsa. Waɗanda suka san littafin sai suka ta da tambayoyi biyu. Me ya sa aka ba Elordi, ɗan Ostareliya farar fata, matsayin Heathcliff, tauraron labarin, alhali marubuciyar littafin, Emily Brontë, ta siffanta shi da duhun fata? Sannan anya ma littafin na soyayya ne?

Zancen ya shafe mu ta wata fuska. Hukumar WAEC ta sa littafin cikin waɗanda ɗaliban adabin Ingilishi suka yi jarrabawa a kansu daga 2021 zuwa 2025, don haka akwai matasa da yawa a Najeriya da Gana da suka yi fama da shi a aji. Wasunsu sun ji malami yana kiransa "labarin gotik", yanzu kuma suna ganin ana sayar da shi a matsayin labarin masoya. Kowane suna daga cikin biyun yana da tarihinsa.

Mene ne "gotik"?

Asalin kalmar sunan wata ƙabila ce, Got, waɗanda suka kwashi ganima a birnin Rum a shekara ta 410. Daga baya Turawa suka riƙa kiran manyan coci-coci da gine-ginen zamanin da da wannan suna, da farko don raini. A 1764 wani ɗan majalisar Ingila, Horace Walpole, ya fitar da The Castle of Otranto, a bugu na biyu kuma ya laƙaba masa "labarin gotik". Nan sunan ya shiga adabi. Ɗaliban da suka zauna WAEC tsakanin 2016 da 2020 za su tuna da wannan littafi, don shi ma yana cikin manhajar lokacin.

Kayan haɗin irin wannan labari sanannu ne: tsohon gida mai duhu, sirrin iyali da aka binne, fatalwa, mugun namiji mai iko, budurwar da aka kulle a ɗaki, da gadon da aka ci ta haramtacciyar hanya. Marubutan farko, irin su Ann Radcliffe a shekarun 1790, sun fi kai labaransu Italiya ko Faransa, can nesa da mai karatu. Jama'a sun yi rububinsu, amma manazarta sun ɗauke su adabin nishaɗi maras nauyi.

Emily Brontë ta ɗauko waɗannan kaya ta sauke su a gidan manomi a arewacin Ingila, a tuddan Yorkshire inda itatuwa suka yi ƙaranci, iska kuma ba ta hutawa. Kalmar farko ta sunan littafin ma daga karin harshen yankin take, tana nufin kaɗawar guguwa. Fatalwar tana nan: a babi na 3 baƙon gidan ya ji hannun yarinya mai sanyi ya kama shi ta taga, tsoro ya sa ya riƙa goga wuyan hannunta a fasasshen gilashi har jini ya zuba. Sai dai marubuciyar ba ta taɓa yanke hukunci ko mafarki ne ko gaske ba. Kusa da ƙarshe, mai aikin gidan ta tambayi kanta ko Heathcliff "gul" ne, wato aljanin nan mai cin gawa, kalmar da Ingilishi ya aro daga Larabci. Nan take kuma ta tuna cewa ita ta yi renonsa yana yaro, ta kori tunanin.

Abin da ke cikin littafin

Labarin yana buɗewa a 1801. Wani ɗan birni, Lockwood, ya kama hayar gidan da ake kira Thrushcross Grange, ya kai wa mai gidan ziyara a Wuthering Heights, ya tarar da mutanen da ba sa ga maciji da juna. Mai aikin gida, Nelly Dean, ita ta ba shi tarihin shekara talatin da suka wuce. Kusan duk abin da muka sani ta bakinta ya fito, ita kuwa tana da waɗanda take so da waɗanda ba ta so, wani lokaci ma da hannunta a cikin ɓarnar.

Tsohon maigida, Earnshaw, ya taka a ƙafa zuwa Liverpool, mil sittin, ya dawo da ɗan tsintuwa mai duhun fata wanda ba a jin yarensa. Aka sa masa Heathcliff, sunan wani ɗa da ya rasu, ba shi da sunan uba. Yaron ya shaƙu da 'yar gidan, Catherine. Da tsohon ya mutu, babban ɗansa Hindley ya hana Heathcliff karatu, ya mai da shi bara. Catherine ta zaɓi auren Edgar Linton, ɗan masu arziki. Heathcliff ya ji ta tana cewa aurensa zai zubar mata da daraja, ya fice kafin ya ji ta ce ita da shi rai ɗaya ne. Ya yi ɓatan dabo shekara uku, ya dawo da kuɗin da ba a faɗi inda ya samo ba.

Catherine ta mutu wajen haihuwa a babi na 16. Littafin kuwa babi 34 ne. Wato fiye da rabinsa yana tafiya ne bayan babu ita, kuma abin da ya cika wannan rabi ramuwar gayya ce. Heathcliff ya auri Isabella, ƙanwar Edgar, don ya ƙuntata wa yayanta, ya rataye karenta a daren da suka gudu, ya riƙa gana mata azaba har ta tsere. Ya karɓe gidan Hindley ta hanyar caca da jingina. Ya rene ɗan Hindley, Hareton, cikin jahilci, kamar yadda aka yi masa. Ya kulle 'yar Catherine, wadda ita ma sunanta Catherine, ya tilasta mata auren ɗansa mai ciwon ajali. Ya sa mai haƙan kabari ya buɗe masa akwatin gawar masoyiyarsa bayan shekara goma sha takwas. A 1802 ya daina cin abinci ya mutu. Abin da ya rufe littafin shi ne ƙaramar Catherine tana koya wa Hareton karatu, an kuma sa ranar aurensu.

Yadda aka karɓe shi

Littafin ya fito a Disamban 1847 da sunan aro, Ellis Bell. 'Yan'uwan uku, Charlotte da Emily da Anne, 'ya'yan limamin cocin ƙauyen Haworth ne, sun kuma zaɓi sunayen da ba sa nuna mace ce ta rubuta, saboda sun san yadda masu sharhi ke kallon rubutun mata. Shekara guda kafin nan sun buga kundin waƙoƙinsu, kwafi biyu kacal aka saya. Emily da Anne sai da suka biya mai maɗaba'a, Thomas Newby, fam 50 kafin ya yarda ya buga littattafansu, ya kuma yi ta jan ƙafa har sai da Jane Eyre na Charlotte ya fito a wata maɗaba'ar a watan Oktoba ya yi kasuwa.

An saba cewa masu sharhi sun yi wa littafin kaca-kaca. Gaskiya ne ya sha suka: wata mujalla a Amurka ta ce abin mamaki ne a ce ɗan Adam ya rubuta babi goma sha biyu na irin wannan littafi bai kashe kansa ba. Amma da yawa daga cikin masu sukar sun yarda yana da ƙarfi. Wata jarida a Landan ta ce baƙon littafi ne, wanda ya fara ba zai iya ajiyewa ba. Abin da ya dame su shi ne zagi da duka da rashin tausayi, ga kuma babu wata muryar marubuci da ta fito ta ce wannan daidai ne, wancan kuskure ne. A lokacin ana sa ran ƙagaggen labari ya yi tarbiyya.

Emily ta rasu da tarin fuka ranar 19 ga Disamba, 1848, tana da shekara 30. Mutuwa da wuri ba baƙon abu ba ne a Haworth: wani binciken lafiya na 1850 ya gano cewa fiye da kashi 40 cikin 100 na yaran garin ba sa kai shekara shida. Wannan ya isa ya bayyana yawan marayu da gawawwakin da ke cikin littafin ba tare da an jingina su ga son ban tsoro ba.

A 1850 Charlotte ta sake fitar da littafin, ta bayyana sunan ƙanwarta, ta rubuta gabatarwa. Niyyarta kāriya ce, amma gabatarwar ta bar tabo. Ta nuna Emily a matsayin 'yar ƙauye da ba ta san duniya ba, wadda baiwa ta fi ƙarfinta, ta kuma ce ita kanta ba ta da tabbacin ko ya dace a ƙirƙiro mutum irin Heathcliff. Wannan hoto bai cika ba. Emily ta yi karatu a Brussels a 1842, ta iya Faransanci, ta koyi Jamusanci, malaminta na can kuma ya yabi kaifin hankalinta wajen kafa hujja. Duk da haka, shekaru da dama ana kallon littafin kamar wani abu da ya faɗo mata ba da shiri ba. Wasu ma suka ce yayanta Branwell ne ya rubuta shi, zancen da manazarta suka daɗe da watsarwa don babu hujja.

Lauyan da ya bi lissafin

Darajar littafin ta fara hawa a ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da mawaƙi Swinburne ya yabe shi a 1883, sannan marubuciya Virginia Woolf ta ɗora Emily a kan Charlotte ta fuskar waƙa da zurfin hange. Amma waɗannan yabo ne na shauƙi. Wanda ya sauya hujjar baki ɗaya wani lauya ne, C. P. Sanger, a wata 'yar ƙasida da ya fitar a 1926.

Sanger ya bi littafin da alƙalami, yana tattara duk inda aka ambaci shekarun wani, ko lokacin girbi, ko watanni nawa suka wuce. Ya tarar ana iya fitar da shekarar haihuwa da aure da mutuwar kusan kowa, lissafin kuma yana tsayuwa, ko da yake marubuciyar ba ta ambaci shekara ƙarara ba sai a wurare ƙalilan. Ya nuna cewa zuriyar gidajen biyu an tsara ta daidai wa daida: kowane gida ɗa namiji ɗaya da mace ɗaya, sai baƙo ɗaya da ya shigo tsakani. Sannan ya duba dokar gado da ta ƙasa, ya ga Emily ta san ta sosai.

A nan ne mai karatu Bahaushe yake buƙatar ƙarin bayani, don makircin Heathcliff gaba ɗaya a kan dokar Ingila ta wancan zamani yake tsaye. A ƙarƙashinta, mace in ta yi aure, kuɗinta da kayanta sun zama na miji. Ba a gyara wannan sosai ba sai da dokokin 1870 da 1882. Kafin 1857 kuma saki sai da dokar majalisa ta musamman, abin da sai mai hannu da shuni. Shi ya sa Isabella ta iya guduwa amma ba ta iya rabuwa da auren ba, shi ya sa kuma da ta mutu uban ya aika aka ɗauko masa ɗansa. Gidan Linton an yi masa wasiyyar da ta fifita 'ya'ya maza, har ta tsallake 'yar Edgar ta koma kan ɗan ƙanwarsa. Sauran dukiyar yarinyar kuwa, auren dole ya mai da ita ta mijinta, mijin ya yi wasiyya da ita ga ubansa. Edgar ya farga yana kan gadon mutuwa, ya aika a kira lauya don ya sa dukiyar a hannun amintattu, ashe Heathcliff ya riga ya saye lauyan. Bai iso ba sai da mai gidan ya cika.

Wanda ya tashi a inda dukiyar mace take zama tata bayan aure, 'ya mace take da kaso sananne a gado, wasiyya kuma ba ta wuce sulusi, zai iya ɗaukar wannan duka ƙirƙira ce ta marubuciya. Doka ce ta gaske. Abin tsoron da ya fi fatalwa a littafin shi ne yawancin abin da Heathcliff ya ƙwace da takarda ya ƙwace shi.

Bayan Sanger, da wuya a sake cewa littafin hauka ne maras tsari. A 1934 manazarci David Cecil ya fassara shi a matsayin karo tsakanin 'ya'yan guguwa da 'ya'yan natsuwa. Ba kowa ya sallama ba: F. R. Leavis, wanda maganarsa ke da nauyi a jami'o'in Birtaniya, ya yarda da hazaƙar Emily a 1948 amma ya ajiye littafin a gefe, ya ce wani abu ne da ya fito shi kaɗai, ba ya cikin babbar silsilar ƙagaggun labaran Ingilishi. A shekarun 1970 Terry Eagleton ya karanta shi ta fuskar aji da mallakar ƙasa, Sandra Gilbert da Susan Gubar kuma ta fuskar halin da mata ke ciki.

Inda sunan soyayya ya samo asali

Yayin da jami'a ke gano tsarin littafin, silima tana yanke rabinsa. Fim ɗin Amurka na 1939, wanda William Wyler ya ba da umarni, Laurence Olivier da Merle Oberon suka fito a ciki, ya watsar da zuriya ta biyu gaba ɗaya. Babu auren dole, babu Hareton. Abin da ya rage shi ne talaka da aka raba da masoyiyarsa saboda ba shi da asali. Finafinai da dama sun bi wannan sawu, har da na Indiya, Dil Diya Dard Liya na 1966 da Dilip Kumar ya fito a ciki. Waƙar da mawaƙiyar Birtaniya Kate Bush ta yi a 1978 da sunan littafin ta ƙara kafa hoton. A 2007 wata ƙuri'ar jin ra'ayi a Birtaniya ta sa littafin a kan gaba cikin labaran soyayya.

Masu kare wannan suna suna da hujja. Kalaman Catherine game da Heathcliff suna cikin mafi shahara a adabin Ingilishi, kuma duk muguntar da ya yi daga rashinta ta taso. In aka cire ƙaunar, labarin ya rushe. Masu ja da su suna cewa littafin da kansa ya yi gargaɗi: Isabella ta ɗauki Heathcliff jarumin littattafan soyayya mai taushin zuciya a ɓoye, Catherine da bakinta ta gaya mata ba haka yake ba, ta ƙi ji, ba a jima ba ta rubuto wasiƙa tana tambaya ko mutum ta aura ko shaiɗan. Idan aka auna da yawan shafuka, hujjar ɓangare na biyu ta fi nauyi. Soyayyar ita ce sanadi, amma gado da ramuwa su suka ci yawancin littafin.

Heathcliff ɗan ina ne?

Littafin bai faɗa ba, sai dai ya yi ta nuni. Lockwood ya ce kamarsa ta Jifsi ce (wata al'umma mai yawo a Turai) mai duhun fata. Tsohon Linton ya yi hasashen ko ɗan ma'aikatan jirgin ruwa ne daga Indiya, ko wani da aka yasar daga Amurka ko Sifen. Nelly, tana lallashinsa, ta ce wa ya sani ko ubansa sarkin Sin ne, uwarsa sarauniyar Indiya. A cikin wannan hirar kuma ta yi masa magana da sigar "ko da a ce kai baƙi ne sosai", abin da wasu ke kafa hujja da shi cewa ba baƙar fata ba ne, wasu kuma cewa ruwa biyu ne.

Garin da aka tsince shi yana da muhimmanci. A lissafin labarin shekarar 1771 ce, lokacin da Liverpool ta fi kowace tashar Birtaniya tura jiragen cinikin bayi zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, shekara 36 kafin a haramta cinikin a 1807. Earnshaw ma cewa ya yi ya tambayi "mai shi" bai samu ba. A kan wannan ne Andrea Arnold ta ba James Howson, baƙar fata, matsayin a fim ɗinta na 2011. Eagleton kuwa ya kawo wata fassarar a 1995: yaro mai yunwa, mai yaren da ba a ji, a Liverpool, ya yi kama da 'yan Ireland da talauci ya koro, ga shi mahaifin Emily ɗan Ireland ne.

Masu goyon bayan sabon fim ɗin suna cewa kusan duk waɗanda suka taɓa hawa matsayin farare ne, kuma mai fim yana da 'yancin fassara. Masu suka suna cewa ko daga ina yaron ya fito, kamanninsa ne ya sa ake kiransa "shi wannan abin" a daren farko, ya sa gidan Linton suka karɓi Catherine suka kore shi. In an goge wannan, an goge dalilin ƙiyayyar da ta gina shi. Akwai wani abu a tarihin fim ɗin 1939 da ya dace a sani: Merle Oberon a Bombay aka haife ta, tana da jinin Kudancin Asiya, ta kuma ɓoye hakan tsawon rayuwarta saboda wariyar masana'antar.

Abin da zai biyo baya ga mai karatu

Sabon fim yakan ta da kasuwar tsohon littafi, ya kuma zama shi ne abin da yawancin mutane za su sani. Ɗalibin da ya dogara da fim ko taƙaitaccen bayani a intanet zai iya rasa Nelly a matsayin mai ba da labari, da zuriya ta biyu, da batun gado, alhali nan ne tambayoyin zubi da tsari da jigo suke fitowa. Iyaye da malamai kuma ya kamata su bambance: littafin yana da duka da zagi da mugunta, amma babu batsa a fili cikinsa, finafinan zamani kuwa sukan ƙara abin da ba ya ciki.

Ga marubutanmu na labaran soyayya, waɗanda suka san tauraron nan mai kuɗi da zafin rai da ake jira ya yi laushi, littafin yana nuna wata hanyar. Emily ta ba da dalilin da ya sa Heathcliff ya zama abin da ya zama, ba ta kuma wanke shi ba. Bai tuba ba, gajiya ya yi.

Haƙƙin mallakar littafin ya daɗe da ƙarewa, don haka ana samunsa kyauta a intanet, kowa kuma yana iya fassara shi ko ya mai da shi fim ba tare da biyan kowa ba. Wanda zai kawo shi Hausa zai haɗu da matsalar da Charlotte ta haɗu da ita a 1850: tsohon baran gidan, Joseph, da karin harshen Yorkshire tsantsa yake magana, har ta ji tsoron mutanen kudancin Ingila ba za su gane ba, ta sassauta shi. Yawancin bugun yau sun koma ga yadda Emily ta rubuta. Mai fassara sai ya yanke shawarar wane kari zai sa a bakin Joseph, da abin da masu wannan kari za su ji idan suka ga an ba bara mai tsaurin ra'ayi harshensu.